Kafin ka ɗaure kaya zuwa karatun musaya, tsaya ka karanta wannan zaren 🧵

1/ Jiya wani ƙanena ya turo min saƙo yana ta murna: "Yaya, an zaɓe ni Erasmus, zan tafi zango ɗaya!" Na taya shi murna, sannan na ce: shugaban sashenku ya sa hannu a takardar kwasa-kwasanka? Ya ce: "Wace takarda?" To, shi ya sa na buɗe wannan zaren.

2/ Ga waɗanda ba su sani ba: karatun musaya shi ne ka bar jami'arka na zango ɗaya ko biyu, ka je wata jami'a a waje, ka dawo ka ƙarasa a gida. Digirinka na jami'arka ne. Can ɗin baƙunci ka je.

3/ Erasmus shiri ne na Tarayyar Turai, an fara shi tun 1987. Daga 2015 aka buɗe ƙofa ga ɗalibai daga ƙasashe irin namu. Sharaɗin shi ne dole jami'arka ta kasance tana da yarjejeniya da ta can. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne.

4/ Ni na tafi Konya ta Turkiyya a ƙarshen 2021, ina aji uku. Ban biya jami'ar can ko kwabo ba, kuma ana ba mu alawus da yuro. A lokacin lira ta faɗi warwas, sai kuɗin ya riƙa isa har da ragowa. Wallahi ji nake duniya sabuwa.

5/ Kuma na ƙaru, ba zan ɓoye ba. Injinan da nake zanawa a takarda don cin jarrabawa, a can na taɓa su da hannuna. Na ga malami yana amsa imel a ranar. Na koyi dafa wa kaina, na koyi jure sanyin da ke sa alwalar asuba ta zama jihadi.

6/ Don haka ban yarda da masu cewa musaya yawon buɗe ido ne da ɗaukar hoto a ƙanƙara ba. Ɗan talakan da babansa ba zai iya biyan digirin shekara huɗu a waje ba, wannan ce hanyarsa mafi sauƙi. Amma fa akwai rami, kuma ni na faɗa ciki.

7/ Akwai takarda mai suna Learning Agreement. A ciki ake jera kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can, da waɗanda za su maye gurbinsu a gida. Mutum uku ke sa hannu: kai, jami'arka, da jami'ar can. Ita ce rigar kariyarka.

8/ Na cike tawa kafin tafiya. Da na isa, kwas biyu ba a buɗe su a zangon ba, ɗaya kuma da Turkanci ake koyarwa. Sai na canza. Jami'ar can ta amince. Na kira gida, aka ce min: "Ba komai, in ka dawo a gyara." Ban nemi sa hannu ba. Nan na kashe kaina.

9/ Na dawo farkon 2022. Ranar 14 ga Fabrairu ASUU ta tsunduma yajin aiki, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas sakamakona yana cikin ambulan. Da aka koma, wanda ya ce min "ba komai" ya sauka daga kujerar. Sabon ya ce: "Ina shaida?"

10/ Ga kuma rikicin lissafi. Turai na ƙirga cikakken zango a kiredit 30 na ECTS, mu kuma namu yunit ɗin ba ya kaiwa haka. Babu wanda ya iya gaya min kiredit 6 na can yunit nawa ne a nan. Ƙarshenta na maimaita kwas uku, na ƙara shekara guda. Abokaina suna bautar ƙasa, ni ina aji.

11/ Laifina ne rabi, na yarda. Amma ragowar rabin na jami'o'inmu ne. Ana son ɗaukar hoto ranar sa hannu a yarjejeniya da Turawa, amma ba a zauna an rubuta ƙa'idar juya maki ba. Bai kamata makomar ɗalibi ta rataya a kan halin mutum ɗaya ba.

12/ Shawarata: duk canjin kwas, ko ɗaya ne, a sa hannu da hatimi tun kana can. Maganar waya ba hujja ba ce. Ajiye kwafi a imel. Duba kalandar makarantun biyu, kar ka dawo ka tarar an gama jarrabawa. Kuma kar ka tafi a zangon ƙarshe.

13/ Ka tafi da ɗan guzurinka, don alawus kan yi jinkiri, kuma ba duka ake ba ka a tashi ɗaya ba. Kana sauka ka nemi takardar izinin zama, wadda Turkawa ke kira ikamet. Kar ka yi wasa da ita.

14/ Sai magana mai ɗaci: ka dawo. Na san halin da ƙasa ke ciki. Amma in ka ɓace, ba ka da digirin can, ka zubar da na gida, kuma ka sa jami'ar can ta fara ɗari-ɗari da 'yan baya. Dawo ka karɓi digirinka, ka nemi na biyu da kanka a ɗage.

15/ In aka ce in sake tafiya, gobe ma zan tafi, amma da takardata a hannu. Ƙanen nan nawa yau da safe ya nufi ofishin shugaban sashensu. Wanda ya taɓa zuwa, ya gaya mana yadda ta kaya da makinsa. Ku tura wa ɗalibin da kuka sani. Allah Ya ba da sa'a.