GIYA OTOMATIK: SHEKARA NAWA ZA TA YI MANA?

Muna so mu tsoma baki a gardamar da ta hana mu shan shayi lafiya a Zangon Kwatano kwanakin nan, wato batun manyan motoci masu giya otomatik. Wasunmu sun rantse ba za su sake ɗora ko ɗan maraƙi a kansu ba. Wasu kuma sun ce zamani riga ne, giyar hannu ta kusa zama labari. To mu namu ra'ayi shi ne, giyar nan ba ta da laifi, tana da ƙarko ƙwarai, amma ba ta yafe sakaci. Wanda ba zai iya hidimarta ba, kada ma ya fara.

Abin da ya tayar da maganar ba ɓoyayye ba ne. Bara, ana saura kwana shida Babbar Sallah, tirelar wani daga cikinmu ta ɗauko shanu daga kasuwar Gogunu, ta wuce Paraku lafiya, sai ta tsaya cik tsakanin Sabe da Dasa da rana tsaka. Inji na aiki, amma giya ta ƙi shiga. Aka nemo makaniken bakin hanya, ya ce a janyo ta gari. Aka ɗaura sarƙa aka ja ta ba a kwance farfela ba. Kafin a samu wata motar a juye kaya, shanu sun yi awa goma sha a tsaye ba ruwa. Huɗu sai da aka sa musu wuƙa aka sayar wa mahauta a wulaƙance, ɗaya kuwa ya zama mushe. Kuɗin kuma ba na mutum ɗaya ba ne, har da jarin marayu a ciki. Da aka buɗe akwatin giyar daga baya, ashe ciwon farko ɗan ƙarami ne, ruwa ne ya taru a tankin iska. Jan da aka yi mata shi ya kashe ta.

Ya kamata mu fara sanin abin da muke saya. Otomatik iri biyu ce. Akwai ta sosai, wadda mai ne ke juya ta, irin ta kamfanin Allison na Amurka, an fi ganinta a bas da motocin kwasar shara. Akwai kuma wadda ta fi yawa a tirelolin da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ita wannan cikinta kusan ɗaya ne da giyar hannu, haƙora ne da kuloci, sai dai kwamfuta da iska su ke taka kulocin su canza giyar a madadin direba. Volvo ta fito da tata mai suna I-Shift a 2001, mai giya 12. DAF da MAN da Iveco sun daɗe suna amfani da ta kamfanin ZF na Jamus, Mercedes kuma tana da tata a Actros. Turawa sun rungume ta, shi ya sa kwancen da ke zuwa mana yanzu galibi ita ce. Ko mun so ko mun ƙi, da ita za mu zauna, sai fa wanda zai koma Howo ta Sin mai giyar hannu.

To shekara nawa za ta yi? A can inda aka ƙera ta, ba abin mamaki ba ne akwatin giya ya ci kilomita miliyan ɗaya, in dai an canza mai a kan lokaci, an kuma sauya kuloci idan ya cinye. Amma mu tuna ba sabuwa muke saya ba. A ce mota ta iso da kilomita 800,000 a agogonta, in ma ba a taɓa agogon ba. Daga Kwatano zuwa Malambil kusan kilomita 730 ne, zuwa da dawowa 1,460 ke nan. Sawu uku a wata ya haura 52,000 a shekara. Ashe ragowar 200,000 ɗin bai cika shekara huɗu ba, kuma a hanyarmu ne, da zafinmu, da lodinmu. Wannan shi ne lissafin da ya kamata mutum ya yi kafin ya miƙa wa dillali kuɗi, ba kyan fenti ba. Wanda ya kula zai ci shekarun nan har ya ɗora. Wanda bai kula ba, damina ɗaya ta ishe shi.

Mene ne kulawar? Na farko iska. Da iska giyar ke shiga, Kwatano kuwa bakin teku ce, iskarta jiƙe take. A riƙa zubar da ruwan tanki kullum safe, a canza matacin da ke busar da iskar a kan lokaci, kuma direba ya jira alluran iska su cika kafin ya motsa. Na biyu mai. Kowace giya da irin man da aka rubuta mata. Man kwalba na bakin titi, ko a ce ai duk mai mai ne, shi ke cinye haƙora a ɓoye. Na uku wuta. Batir mai rauni da waya da aka ɗaure da leda suna rikita kwamfutar, haka nan mai walda da ya kama aiki a jikin mota bai cire kan batir ba. Na huɗu ja. Famfon da ke zagaya da mai a cikin akwatin daga inji yake samun juyi, saboda haka in aka ja mota inji a mace ba a kwance farfela ba, ƙarfe ne ke cin ƙarfe a bushe. Na biyar lodi da hannun direba. Ƙara shanu biyar don a rage kuɗin mota, da riƙe mota da totur a kan hawa, da jan ciki a cunkoson Godome, duk kuloci ke biya.

Masu adawa suna da hujja, ba mu raina ta ba. Sun ce giyar hannu in ta yi gardama a Kandi ko Bembereke, kowane makanike zai buɗe ta da sifana, in batir ya mutu ma a tura ta tashi. Gaskiya ne. Otomatik ba a tura ta, kuma ko kuloci aka canza sai an jona kwamfuta an daidaita ta. Amma su ma su yarda da namu. Giyar hannu nawa yaran direbobi suka kakkarya mana? Kuma duk wanda ya taɓa kwana a saman bodi ya san fizgar canjin giya ita ke kayar da sa, in ya faɗi kuwa 'yan uwansa su tattake shi. Otomatik mai lafiya a hankali take canzawa, dabba ta iso kara da ƙafarta da namanta. Mu da malamanmu suka koya mana cewa dabba ma tana da hakki a kanmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da abubuwa huɗu. Ɗaya, duk motar da za ta ɗauki dabbobin 'yan ƙungiya ta kasance da littafi a gaban mota, a rubuta ranar canjin mai da kilomita, mai kaya ya duba kafin a yi lodi. Biyu, kada ɗan uwa ya sayi mota sai an jona mata kwamfuta an karanta tarihinta, kuɗin dubawar bai kai farashin tunkiya ba. Uku, a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya a tura yaranmu biyu ko uku su koyi gyaran giyar nan, ɗaya ya zauna Paraku, ɗaya Bohikon, a raba lambobinsu ga direbobi. Huɗu, masu motoci su yi alkawari tsakaninsu, in ta wani ta lalace da dabbobi a ciki, mafi kusa da ba ta da kaya ta je ta juye, a yi lissafi daga baya.

Iyayenmu da ƙafa suka riƙa koro shanu daga arewa, makonni suna tafe, kuma kowane dare sai sun zagaya garke sun duba kofato. Mu da tafiyar ta koma kwana ɗaya da yini, bai kamata duba tankin iska ya gagare mu ba. Rigakafi ya fi magani. Wanda ke da wata shawarar ya aiko, shafin nan na kowa ne.

Allah Ya tsare mu da asara, Ya kai dukiyarmu kasuwa lafiya, Ya sa albarka a nema. Amin.