Wasan jiragen sama da haƙƙin mutanen da ke zaune cikin gidajensu

Ranar Lahadi 3 ga watan Yuni na shekarar 1973, dubban jama'a suka taru a filin jirgin sama na Le Bourget, kusa da birnin Paris na ƙasar Faransa, domin kallon wasan jiragen sama. Cikin jiragen da aka kawo nuni har da Tupolev Tu-144 na Tarayyar Sobiyet, jirgin ɗaukar matafiya wanda gudunsa ya fi na sauti, kishiyar Concorde na Faransa da Ingila. Jirgin ya tashi, ya miƙe sama, ya sunkuyo, sai ya kakkarye tun yana cikin iska. Ɓaraguzansa suka zuba kan garin Goussainville, ƴan kilomitoci arewa da filin. Mutum 6 da ke cikin jirgin suka mutu. A ƙasa kuma mutum 8 suka rasa rayukansu, 3 daga cikinsu yara, gidaje 15 suka rushe.

Cikin ƴan kallon da suka biya kuɗi suka shiga filin, babu wanda ya mutu. Waɗanda mutuwa ta ɗauka a ƙasa mutanen gari ne, suna cikin unguwarsu ranar hutu. Wannan shi ne abin da ya kamata kowane mai riƙe da hukuma ya tsaya ya duba. Matuƙin jirgi ya san haɗarin aikinsa, ya kuma yarda da shi. Ɗan kallo da ƙafarsa ya zo. Amma mai gida, wanda jirgi ke ratsawa bisa rufin ɗakinsa, ba a shawarce shi ba, kuma ba shi da wata dabarar kare kansa sai wadda hukuma ta tanadar masa tun kafin ranar.

Wasan jiragen sama yana da amfani, babu mai musun haka. A wurinsa ne masu ƙera jirage ke nuna hajarsu, sojoji ke nuna gwanintarsu, yaran lakwal kuma ke ganin aikin da wataƙila wata rana zai zama nasu. Sai dai wasa ne da ake yi kusa da ƙasa, da gudu mai tsanani. Jirgin da ke cin kilomita 540 cikin sa'a guda yana cin mita 150 cikin sakan guda. Ke nan, tsakanin kuskuren matuƙi da faɗuwar jirgi bai fi ƙiftawar ido ba, kuma mutumin da ke ƙasa ba shi da lokacin gudu.

Dokokin da ke kare ƴan kallo a yau, kusan dukkansu bayan asarar rayuka aka rubuta su. A watan Satumba na 1952, a Farnborough ta ƙasar Ingila, wani sabon jirgin yaƙi ya tarwatse a sama, injinsa ya faɗa cikin taro, ƴan kallo 29 suka mutu tare da mutum 2 da ke cikin jirgin. Daga nan Ingila ta ƙayyade tazarar da dole jirgi ya bari tsakaninsa da jama'a. Ranar 28 ga Agusta 1988, a sansanin sojan Amurka na Ramstein, a Jamus ta Yamma, jirage 3 na ƴan wasan sojan Italiya suka yi karo. Ɗaya daga cikinsu, wanda dama ya fuskanci taron, ya faɗa kan mutane yana cin wuta. Mutum 70 suka mutu. Jamus ta dakatar da irin wannan wasa na wani lokaci, da aka komo kuma sai aka ƙara tazara, aka hana jirgi yin juyi yana fuskantar ƴan kallo. Ranar 27 ga Yuli 2002, a Sknyliv kusa da birnin Lviv na Ukraniya, jirgin yaƙi Su-27 ya faɗa cikin taro ya kashe mutum 77, daga ciki yara 28. Matuƙan biyu sun tsira da laima, kotu ta yanke musu ɗauri.

Darasin da aka ɗauka daga waɗannan masifu mai sauƙin fahimta ne. Ana ja layi, jama'a su tsaya bayansa, jirgi kuma ya yi wasansa a gabansu, yana bin tsawon layin, yadda in wani abu ya lalace ƙarfin gudunsa zai kai shi fili maras kowa. Dabara ce mai kyau, ta kuma ceci rayuka da yawa. Amma tana da sharaɗi guda: dole filin maras kowa ya kasance akwai shi. In an kawar da jirgi daga ƴan kallo aka tura shi bisa gidaje ko bisa hanyar mota, haɗarin bai ragu ba, an dai sake masa mai ɗauka.

Haka ya faru a Shoreham, a kudancin Ingila, ranar 22 ga Agusta 2015. Wani tsohon jirgin yaƙi, Hawker Hunter, ya yi juyi a sama bai kai tsayin da ya kamata ba, ya faɗo kan babbar hanyar mota da ke gefen filin. Mutum 11 suka mutu, dukkansu a wajen shingen wurin wasan, wasunsu matafiya ne da ke wucewa abinsu. Matuƙin ya rayu. Bayan haka hukumar jiragen sama ta Ingila ta hana tsofaffin jirage irinsa yin alkafura bisa ƙasa, ta kuma tilasta wa masu shirya wasa su lissafa hanyoyi da gidajen da ke kewaye kafin a ba su izini. Tsakanin Goussainville da Shoreham shekara 42 ne, kuma duka biyun mutanen waje ne suka biya kuɗin wasan da ransu.

Wani zai ce wannan magana ta ƙasashen Turawa ce, tun da manyan wasannin jirage can ake yin su. To, wasa na rana ɗaya ne, tashi da saukar jirage kuwa na kullum ne, kuma masana sun tabbatar mafi yawan haɗurran jirgin sama lokacin tashi ko sauka suke aukuwa, wato kusa da fili. Afirka ta ga haka da idonta. Ranar 8 ga Janairu 1996, a Kinshasa, wani jirgin kaya Antonov ya kasa tashi daga filin N'Dolo, ya zarce ƙarshen titinsa ya afka cikin kasuwa. Fiye da mutum 200 suka mutu, kusan dukansu masu saye da sayarwa. Ranar 4 ga Mayu 2002, a Kano, garin da ƴan Maraɗi da Damagaram da yawa ke da dangi da abokan ciniki, jirgin matafiya ya tashi daga filin Malam Aminu Kano da tsakar rana, bai yi nisa ba ya faɗa kan unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, cikinsu har da mutanen unguwa da ke cikin gidajensu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yawancin filayen jirage a bayan gari aka gina su, cikin gonaki da daji. Gari ne ke girma ya iske su. Yamai a 1960 mutanenta ba su wuce wajen dubu 30 ba; ƙidayar 2012 ta iske sun zarce miliyan 1. Filin jirgi na Diori Hamani, wanda ke kan hanyar Dosso, yau har akwai unguwannin da suka ɗauki sunansu daga gare shi. Maraɗi, Damagaram, Tawa da Agadas kowanne yana da filinsa, kowanne kuma jama'arsa na ƙaruwa shekara bisa shekara. Akwai kuma abin da ya shafi ƙasashen zafi musamman: iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka jirgi mai nauyin kaya yana buƙatar doguwar tafiya a titi kafin ya ɗaga, yana kuma jinkirin hawa sama. Jirgin da ya tashi da azahar a watan Afrilu ya fi daɗewa ƙasa-ƙasa bisa rufin gidaje fiye da wanda ya tashi da asuba lokacin ɗari.

Ƙa'idodin kariya ba ɓoyayyu ba ne. Ƙungiyar jiragen sama ta duniya, OACI, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, ta ce a bar aƙalla mita 90 na fili maras komi bayan gefen tsaro na ƙarshen titin manyan jirage, ta kuma ba da shawarar a kai mita 240. Ta ƙayyade tsayin gini da na hasumiya a hanyar sauka da tashi. Ta yi gargaɗi kan jujin shara da duk abin da ke tara tsuntsaye cikin kilomita 13 kewaye da fili, domin angulu ko shirwa guda in ta shiga injin jirgi tana iya kashe shi. Nijar tana cikin ƙungiyar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, kuma a Yamai ne makarantarta ta EAMAC take horar da masu kula da zirga-zirgar jirage na ƙasashe da dama. Ilimin yana nan cikin gida. Abin da ke saura shi ne ya fita daga biron masana jirage ya isa biron masu yanka filaye.

Domin kuwa a can ne ake yanke hukuncin. Ranar da ma'aikacin magajin gari ya sa hannu kan takardar fili a ƙarshen titin jirgi, ko mai gona ya sayar da gonarsa aka rarraba ta ba tare da awo ba, ranar ce aka sa iyali cikin haɗari, ko da jirgin sai bayan shekara 20 zai faɗo. Talakan da ya sayi filin bai cancanci zargi ba. Ya tafi inda kuɗinsa suka kai shi, filin da ke ƙarƙashin ƙarar jirgi kuwa shi ne mai araha. Nauyin yana kan wanda ya san taswira ya yi shiru.

Wasu za su ce hana gini a irin wannan wuri ƙuntata wa marasa ƙarfi ne, ga ƙarancin muhalli. Maganarsu tana da nauyi, shi ya sa hani shi kaɗai bai isa ba. Wanda aka hana gini a nan, a nuna masa wani wuri. Wanda ya riga ya gina da takardar hukuma a hannunsa, in ya zama dole ya tashi, a biya shi diyya cikakkiya kafin a taɓa masa bango. Faransa ta ɗanɗana tsadar jinkiri: da aka buɗe filin Charles de Gaulle a 1974, tsohon garin Goussainville ya samu kansa ƙarƙashin hanyar jirage, hukumar filayen jiragen Paris ta sayi gidaje da yawa, mutane suka watse suka bar su kango. A 1985 ƙasar ta yi doka mai ƙayyade gini kewaye da filayen jirage. Barin gona ta zauna gona ya fi rusa unguwa sauƙi da araha. Gero da wake ba su hana jirgi sauka, manomi kuma bai rasa abincinsa ba.

Saboda haka akwai aiki ga kowa. Hukumar jiragen sama ta fitar da taswirar wuraren da aka hana gini, a kafa turaku a ƙasa yadda ido zai gani, a fassara bayanin cikin harsunan ƙasa, a karanta shi a rediyo da wuraren yaƙi da jahilci. Magadan gari da masu awon ƙasa kada su yanka fili kusa da filin jirgi sai da amincewar wannan hukuma a rubuce. Sarakunan gargajiya da masu unguwanni, waɗanda a gabansu ake cinikin gonaki, su gargaɗi mai saye tun bai ba da kuɗinsa ba. Mai neman fili kuma ya tambaya kafin ya zuba tubali. Duk ranar da aka yi niyyar jirage su yi wasa ko shawagi domin wani buki, a zana hanyarsu bisa daji, a sanar da unguwannin da ke kusa, a tanadi motocin kashe gobara da na asibiti, a kuma naɗa mutum guda mai ikon tsayar da wasan nan take.

Ajali na hannun Allah, amma addini ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara. Iyalan Goussainville da na Gwammaja ba su yi wani ganganci ba, suna zaune ne inda aka bar su suka zauna. Ma'aikacin da ya ƙi sa hannu kan filin da bai dace ba wataƙila ba wanda zai gode masa, har ma a yi masa tsegumi, amma da shi ne za a tsare yaran da ba a haifa ba tukuna. Allah ya kiyaye, ya kuma ba masu hukuma ikon riƙe amana.