Hannun da ke Zaɓen Ɗan Wasa Shi ke Naɗa Alƙali

Mu mutanen ƙasashen zafi, ƙanƙara a wurinmu aba ce ta jefawa cikin zoɓo ko kunun aya, don haka ba abin mamaki ba ne idan yawancinmu ba ma ganin wasan zamiya a kanta sai in ya ratso ta talabijin lokacin gasar Olamfik ta hunturu. Ɗan wasa kan ɗaura takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasansa kamar kaifin wuƙa, a sakar masa kiɗa, ya yi ta zamewa a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30, yana tashi sama yana juyi sau uku ko huɗu a iska kafin ya dira a kan ƙafa ɗaya. Mai kallo zai ce ai rawa ce. Rawa ce, amma irin wadda ake ba lambar zinariya, kuma a nan matsalar take. A filin kokawa, in an ka da mutum duk wanda ke wurin ya gani da idonsa, alƙali shaida kawai yake bayarwa. A zamiya kuwa mutum biyu za su iya gama wasansu babu wanda ya faɗi, sai a jira wasu mutum tara da ke zaune a gefen fili su faɗi wanda ya fi.

Abin da muke son cewa game da waɗannan mutum tara ba shi da yawa. Hukumar zamiya ta duniya, ISU, wadda aka kafa tun 1892 kuma take da mazauni a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, ta shafe fiye da shekara ashirin tana gyaran yadda ake lissafin maki, ta kuma bar wurin da ciwon yake. Hukumar wasan ta kowace ƙasa ita ke zaɓen ɗan wasan da zai tafi gasa, ita ce kuma ke gabatar da alƙalin da zai zauna ya ba shi maki.

Gyaran ya samo asali ne daga abin kunyar da ya faru a Salt Lake City ta Amurka a 2002. A wancan zamanin kowane alƙali kan ba da maki biyu da ba su wuce 6.0 ba, abin da ake dubawa kuwa shi ne wa ya ɗora a sama, wa ya sa a ƙasa. A gasar ƴan bibbiyu, mace da namiji, Elena Berezhnaya da Anton Sikharulidze na Rasha sun yi wasa mai wuya amma namijin ya yi tuntuɓe wajen dira daga wani tsalle. Jamie Salé da David Pelletier na Kanada suka yi nasu ba tare da kuskuren da ido zai kama ba. Alƙalan Rasha, Sin, Polan, Yukren da Faransa suka ba Rashawa. Na Amurka, Kanada, Jamus da Japan suka ba ƴan Kanada. Biyar da huɗu. Duk wanda ya san taswirar siyasar ƙarnin da ya shige zai ga yadda layin ya tsagu, in ban da Faransa da ta faɗa inda ba a zata ba. Alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne, ta ce shugaban hukumar ƙasarta, Didier Gailhaguet, ya matsa mata lamba, daga baya ta janye maganar. Aka yi zargin cewa musayar ƙuri'a ce domin ƴan Faransa su samu goyon baya a gasar rawa. Cikin ƴan kwanaki aka ba ƴan Kanada zinariya ta biyu, daga baya aka dakatar da alƙaliyar da shugaban nata shekara uku-uku.

A lura da wanda aka ce ya matsa mata: shugaban hukumar da ta kawo ta kujerar. Maimakon a raba alƙali da ubangidansa, sai aka sake lissafi.

Sabon tsarin da aka amince da shi a 2004 yana da kyawunsa, ba za mu hana shi ba. Kowane tsalle da kowane juyi yana da farashinsa a rubuce. Tsallen Aksel mai juyi uku da rabi maki 8.00 ne, Lutz mai juyi huɗu 11.50, Aksel mai huɗu da rabi kuwa, wanda Ilia Malinin na Amurka ya fara saukewa a gasa a watan Satumban 2022, maki 12.50. Akwai kwamitin ƙwararru na mutum uku da ke tantance abin da ɗan wasa ya yi, suna iya sake kallonsa a faifan bidiyo, su ce wannan juyin bai cika ba, wancan ya tashi da gefen ƙarfen da bai dace ba. Sannan alƙalai tara su auna kyawun kowane abu daga -5 zuwa +5, a yar da maki mafi sama da mafi ƙasa, a raba sauran. Bayan gasa a buga takardar makin, kowa ya karanta. Yaron da ke wata ƙasa mai nisa zai iya zama da alƙalami ya lissafa abin da yake bukata ya koya kafin ya kamo na gabansa. A da babu wannan.

Sai dai lamba ba ta hana son kai, sutura kawai take yi masa. Kowane mataki ɗaya na wancan ma'auni kashi goma ne cikin ɗari na farashin tsallen, wato a Lutz mai juyi huɗu, tsakanin +2 da +3 akwai maki 1.15, kuma babu wanda zai iya rantsuwa cewa alƙalin da ya ba da +3 ya yi ƙarya. Ga kuma kashi na biyu na makin, wanda tun 2022 aka taƙaita shi zuwa abu uku: tsarin wasan, yadda aka gabatar da shi, da gwanintar zamiyar kanta, kowanne har zuwa maki 10. Nan fagen ɗanɗano ne tsantsa. Alƙalin da ke son ya taimaki ɗan ƙasarsu ba ya bukatar yin abin da za a kama shi. Ya ƙara rubu'in maki a nan, ya rage wa abokin hamayya rubu'i a can, ya ci gaba da haka a duk abubuwan dogon wasa. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, a cikin gyaran an ɓoye sunayen alƙalai, ba a sanin wa ya ba da wane maki. Hujjar ita ce wai hakan zai kare su daga matsin hukumomin ƙasashensu. Wato ISU ta san sarai inda matsin yake fitowa, sai ta zaɓi kashe fitila a ɗakin. Masanin tattalin arziki Eric Zitzewitz na kwalejin Dartmouth ya bi diddigin makin, ya gano cewa amfanin da ɗan wasa ke samu idan akwai ɗan ƙasarsu a cikin alƙalai ƙaruwa ya yi bayan ɓoye sunayen. A Sochi a 2014, Adelina Sotnikova ta Rasha ta doke Yuna Kim ta Koriya ta Kudu da maki 224.59 a kan 219.11. Akwai masana da suka ce nasarar halal ce, domin Sotnikova ta fi yawan tsalle masu juyi uku. Mai yiwuwa haka ne. Amma a cikin alƙalan wannan dare akwai matar wani babban jami'in hukumar zamiya ta Rasha, akwai kuma ɗan Yukren da aka taɓa dakatarwa bayan gasar Nagano ta 1998. Ko da hukuncin daidai ne, wa zai yarda? Yarinyar da ta ci zinariyar ma an cuce ta, don har yau ba a ambaton nasararta sai an haɗa da "amma". Da aka dawo da sunaye a fili, ba a daɗe ba aka ga amfaninsa: bayan gasar PyeongChang ta 2018 an dakatar da alƙalan Sin biyu, Chen Weiguang da Huang Feng, saboda fifita ƴan ƙasarsu, tunda yanzu makinsu na nan da sunansu a kai.

Ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika magana a kansa ba, shi ne yadda ake samun shiga filin tun farko. A gasar cin kofin duniya kowace ƙasa tana da kujera ɗaya a kowane rukuni, in dai ɗan wasanta ya kai mafi ƙarancin makin da aka gindaya, kuma ba ta wuce uku komai yawan gwanayenta. Idan an haɗa matsayin ƴan wasanta biyu na gaba bai wuce 13 ba, misali na biyar da na takwas, baɗi tana da kujera uku. In bai wuce 28 ba, tana da biyu. Kujerun Olamfik ma mafi yawansu daga gasar duniyar da ta gabace ta ake raba su. To amma kujerar ta tuta ce. Wanda ya sha wahala ya samo ta ba shi da iko da ita, hukumar ƙasarsa na iya miƙa ta ga wani.

A 2014 Mirai Nagasu ta zo ta uku a gasar ƙasa ta Amurka, ƙasar na da kujera uku a Sochi, aka bar ta a gida aka ɗauki Ashley Wagner da ta zo ta huɗu, bisa hujjar cewa ta fi tarihin nasara a waje. A 2018 aka tsallake Ross Miner na biyu aka ɗauki Adam Rippon na huɗu. A 2022 Malinin ne da kansa ya zo na biyu aka bar shi. Ba mu ce duk zaɓen nan kuskure ba ne. Dare ɗaya na iya ɓata wa gwani, kuma Rippon ya taimaka wa Amurka ta samu tagulla a gasar ƙungiya. Abin da ke damunmu shi ne kwamiti ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya fito da suna, alhali ba a faɗi tun farkon kaka nauyin da kowace gasa za ta ɗauka a ma'auni ba. Nagasu ta jira shekara huɗu, ta je PyeongChang ta zama macen Amurka ta farko da ta sauke Aksel mai juyi uku a Olamfik. Elizaveta Tuktamysheva ta Rasha ba ta samu irin wannan sa'ar ba: ta ci kofin duniya a 2015, amma ba ta taɓa taka ƙanƙarar Olamfik ba, saboda ƙasarta ta cika da gwanaye kuma kujera ba ta wuce uku. Shi ya sa wasu ke sauya ƙasa. Anastasiia Gubanova ta bar Rasha ta koma Jojiya, ta ci kofin Turai a 2023.

Jerin gasannin Grand Prix ma haka yake da ƙofar baya. Gasa shida ce a ƙasashe shida, kowane ɗan wasa ba ya wuce biyu, shida na sama su haɗu a wasan ƙarshe. Waɗanda suka yi fice a gasar duniya suna da gurbinsu, amma ƙasar da ke karɓar baƙi na iya saka ƴan gida har uku a kowane rukuni. Wanda aka haifa a Amurka, Kanada, Faransa ko Japan yana da hanyar da ɗan wata ƙasa ba shi da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin makin ɗanɗano suna yake bi. Wanda alƙalai suka saba gani, wanda ya tara makin matsayi har ake sa shi a rukunin ƙarshe na masu fitowa, shi ake sakar wa hannu. Baƙon fuska sai ya yi shekaru yana gaisuwa kafin a amsa masa da kyau.

Za a ce mana ƙa'idar kujera uku ita ke ba ƙananan ƙasashe numfashi, kuma gaskiya ne. Ba don ita ba da Rasha, Japan da Amurka sun cinye filin. Ta nan Denis Ten na Kazakistan ya bi har ya samu tagulla a 2014, Javier Fernández na Sifaniya ya ci kofin duniya a 2015 da 2016, Donovan Carrillo na Meziko kuma, wanda ya yi shekaru yana atisaye a filin ƙanƙarar wata cibiyar kasuwanci a garin León, ya kai matakin ƙarshe a Beijing a 2022. Mu da muka fito daga ƙasashen da ba a cika jin takensu a manyan gasanni ba, mu ne na ƙarshe da za mu nemi a rushe wannan. A bar ta. Amma babu abin da zai hana a ware ƴan kujeru kaɗan, uku ko huɗu, ga waɗanda suka fi maki a duniya a kakar, ko hukumarsu ta so ko ta ƙi, don kada zakaran duniya ya kalli gasa daga falonsa.

Batun alƙalai ya fi wannan gaggawa. A yanzu ba ma'aikatan ISU ba ne masu albashi. Ƴan sa-kai ne da hukumomin ƙasashensu ke gabatarwa, kuma a manyan gasanni ƙuri'a kan fitar da sunan ƙasa ne, ita kuma ta aiko da wanda ta ga dama. Alƙalin da ya ƙi yi wa ɗan gida alfarma ya san wanda zai yi wa bayani in ya sauka daga jirgi, ya kuma san wanda ke da ikon tura wani a madadinsa baɗi. Muna ganin ya kamata ISU ta ɗauki ƙaramin rukuni na alƙalai ta horar da su, ta biya su, ta riƙa auna aikinsu da makinsu da ke a fili, kuma kada a lissafa makin alƙali a kan ɗan ƙasarsa. Wannan na ƙarshen shi kaɗai ba zai isa ba, mun sani, tunda wanda aka hana ɗaga nasa yana iya danne na wani, abin da aka yi zargi a 2002 ma musaya ce tsakanin ƙasashe biyu. Shi ya sa raba alƙali da hukumar ƙasarsa ya zama dole a haɗa da shi.

Kuɗin yin haka ba shi ne cikas ba. Cikas ɗin shi ne duk wani babban gyara sai ya bi ta babban taron ISU da ake yi duk shekara biyu, masu ƙuri'a a taron kuwa su ne hukumomin ƙasashen da ake so a karɓe wa ikon. Ko buɗe sunayen alƙalai, da aka kawo shi a taron Dublin a 2014, watanni kaɗan bayan Sochi, bai samu kashi biyu cikin uku da ake bukata ba, sai a Dubrovnik a 2016 ya wuce.