Gidan Brazil Ya Tsira, Gidajen Zango Fa?

Duk lokacin da na bi ta Jamestown nakan tsaya a Brazil House. Gidan 'yan Tabom ne, jikokin bayin da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19, da yawansu ma Musulmi. Ya kusa rushewa. Bayan ziyarar Shugaba Lula a 2005 aka gyara shi, yau baƙi na shiga suna jin tarihi. Sai in koma gida Madina ina tambayar kaina: mu fa?

Tarihi dai muna da shi. Malam Naino ya kafa zango a tsakiyar Ankara tun ƙarni na 19, ɗansa Malam Baƙo ya fita ya sari Sabon Zango. Malam Amadu Futa ne ya fara zama a Nima. Madina kuwa a 1959 aka kafa ta ƙarƙashin Alhaji Seidu Kardo, ga waɗanda suka ga farkonta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

A ganina ba ruwan sama ke cin tsofaffin gidajenmu ba, gado ne. Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya ashirin, yanzu jikoki sun fi ɗari, wasu na Jamus, wasu na Amurka. Kwano ya yi yoyo, kowa ya ce ba shi kaɗai ne magaji ba. Amma ranar da mai kuɗi ya zo zai gina shaguna, kowa magaji ne! Ban zargi kowa ba wallahi, haya a Ankara ta fi ƙarfin talaka, kuma ba a hana mutum rabon da Allah Ya ba shi. Namu gidan a Maamobi haka ya tafi. Zauren da kakana ya karantar da almajirai, yau ana sayar da waya a wurin.

Wasu na jiran Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017. To, mun ga filayen ƙwallo, madalla. Sai dai gwamnati ba ta zuba kuɗi a gidan da ake rigima a kansa. Abin da ke hannunmu wakafi ne: magada su zauna gaban liman da sarkin zango, a cire zaure da ɗakin maigida, a rubuta, a yi rajista a Hukumar Filaye, sauran a raba. Masallatai da makarantu mun saba ba da su wakafi. Zaure ne kawai ba mu taɓa gwadawa ba.