Dutsen Dala Ma Ajin Karatu Ne

Kafin Amurka ta sauke mutum a kan wata a 1969, sai da ta kai 'yan sama jannatinta jeji. An kai su wani makeken rami a jihar Arizona wanda wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa, aka kuma kai su filayen aman wuta na ƙasar Aisland a 1965 da 1967, domin su koyi karanta dutse da ido da guduma. Masana sun san cewa wanda bai iya bambance duwatsun duniyarsa ba, ba zai gane na wata duniya ba.

Mu da muke koyarwa a Sharada da Challawa da Bompai, a kan allo muke zana dutse, yara su haddace sunansa, su manta bayan jarrabawa. Alhali kuwa gani ya kori ji, kuma abin gani yana ƙofar gidanmu. Jar marmarar da ke kan Dala da Goron Dutse tsatsar ƙarfe ce ta rina ta, kuma tsatsar ƙarfe ce ta sa duniyar Mas ta yi ja. Yashi da laka da Kogin Challawa yake jibgewa hawa-hawa, irinsu na'urar Perseverance take bincika tun 2021 a bakin wani ƙafaffen kogi a Mas. A Riruwai kuma akwai tushen tsohon dutse mai aman wuta, inda aka daɗe ana haƙar kuza.

Mas ɗin ma ta taɓa aiko mana da saƙo. A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya masana suka tabbatar daga Mas ya fito. A 2023 an tsinci wanda ya fi shi girma a yankin Agadas, aka sayar da shi a birnin New York a 2025 kan fiye da dalar Amurka miliyan 5, sannan gwamnatin Nijar ta shiga binciken yadda ya fita. Ƙasar da ba ta horar da 'ya'yanta su san dutsenta ba, baƙo ne zai san darajarsa.

Za a ce azuzuwa sun cika, kuɗi babu. Gaskiya ne, amma Dala ba ta da nisa, kuma mota ɗaya ta isa aji guda a rana.

Saboda haka muna kira ga reshenmu ya nemi Ma'aikatar Ilimi ta sanya fita fili sau ɗaya a kowane zango cikin jadawali. Masana'antun da muke maƙwabtaka da su, waɗanda 'ya'yan ma'aikatansu muke koyarwa, su ba da aron motoci. Malaman ilimin duwatsu na Jami'ar Bayero su fara horar da mu. Iyaye kuma, in takardar neman izini ta iso gida, ku sa hannu.