Samfurin Manhaja Ba Abin Kunya Ba Ne, Amma A Tambayi Ɗan Kwangila Abin Da Ya Ƙara

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin karɓar aiki ya san yadda ranar miƙa sabon shafin intanet take kasancewa. Ɗan kwangila ya haska allo, ya cike fom, komai ya tafi sumul, a sa hannu a biya shi. Sai ranar da aka buɗe shafin ga jama'a, dubban masu neman aiki ko tallafi suka afka masa lokaci guda, ya tsaya cik. Ba kasafai matsalar take a fuskar shafin ba. Tana can bayan fage, a manhajar da ke karɓar buƙata, ta je rumbun bayanai, ta dawo da amsa.

Wannan manhaja ta bayan fage, a yau da wuya a sami mai gina ta daga tushe. Masu sana'ar suna ɗauko samfurin farawa ne, wato ƙwarangwal da wasu suka riga suka haɗa, su ɗora nasu a kai. Misali shi ne FastAPI, wanda Sebastián Ramírez, ɗan ƙasar Kolombiya, ya fitar a 2018 da harshen Python. Yana da samfurinsa na kyauta da ke zuwa da rumbun bayanai na PostgreSQL, da tsarin shiga da kalmar sirri, da gwaje-gwaje, da Docker na ɗora aikin a kan uwar garke.

Wasu jami'ai kan ɗauki hakan a matsayin ha'inci ko lalaci. Ban yarda da su ba. Ƙwarangwal ɗin da idanu da yawa suka duba ya fi wanda mutum ɗaya ya ƙaga a ɗakinsa aminci, kuma idan kwangila ta ƙare, wani injiniyan zai gane shi ba da wahala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne a miƙa wa hukuma samfurin kusan yadda aka ɗauko shi, a caje ta kuɗin gini daga harsashi.

Abin da ake tallata irin waɗannan samfura da shi shi ne aiki ba tare da jira ba. A kwatanta da akawun rajista. Wani idan ya aika fayil sama, sai ya naɗe hannu har ya dawo, layi na tsaye. Wani kuwa da ya aika, sai ya saurari na gaba, in fayil ya dawo ya ƙarasa da mai shi. Akawu na biyu shi ne wannan tsari. Node.js ya yaɗa shi tun 2009, Python kuma ya sami ƙa'idarsa ta yanzu a 2015. Da shi, uwar garke ɗaya kan riƙe dubban masu ziyara, domin yawancin lokacinta jiran rumbun bayanai ne, ba lissafi ba.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Akawun nan shi kaɗai ne a tebur. Idan injiniya ya cusa umarni ɗaya mai tilasta jira a inda bai dace ba, kowa ya tsaya, ko da sunan tsarin na zamani ne. Aiki mai nauyin lissafi, kamar sarrafa hotunan fasfo, shi ma yakan toshe layin in ba a ware masa wurinsa ba. Sannan PostgreSQL, in ba a sauya saitinsa na asali ba, haɗi 100 kacal yake karɓa a lokaci guda. Duk waɗannan ba sa bayyana a ranar da mutum ɗaya ke gwaji gaban kwamiti.

Akwai kuma batun tsaro. Samfuri kan zo da kalmomin sirri na wucin gadi da kowa zai iya karantawa a intanet, kuma yana tafe da tarin ƙananan manhajoji na wasu mutane. A Disambar 2021, ɓaraka a ɗaya daga irinsu, Log4j, ta sa hukumomi da kamfanoni a faɗin duniya gyaran gaggawa. A ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, hukumar da ta tattara bayanan 'yan ƙasa ba za ta kuɓuta daga alhaki ba don kawai ta ba wani kwangila.

Saboda haka, kafin darakta ko hadimin minista ya rubuta amincewa a fayil, ya kamata ya nemi amsa huɗu a rubuce. Wane samfuri aka yi amfani da shi, me kuma aka ƙara a kansa? Mutum nawa aka gwada shafin ya ɗauka a lokaci guda, ina rahoton? An sauya dukkan mabuɗan sirri, kuma an miƙa su ga hukuma tare da rubutun manhajar? Wa zai riƙa sabunta ta bayan shekara guda, da wane kasafi?

Ba sai jami'i ya iya rubuta manhaja zai yi waɗannan tambayoyi ba. Hukumar NITDA ma za ta yi wa ma'aikatu babban gata idan ta mai da su sharaɗin biyan kuɗi. Ɗan kwangila na gari zai amsa su cikin minti goma. Wanda ya fara kame-kame kuwa, a riƙe fayil ɗinsa tukuna.