RA'AYINMU: A BA KUZA MATSAYINTA A TAMBARIN FILATO

Kowace jiha a Nijeriya tana da tambari da take, waɗanda ake gani a takardun gwamnati da lambobin motoci. Inugu ta zaɓi a kira ta Jihar Birnin Kwal, saboda kwal ɗin da aka gano a yankin Udi a 1909. Filato kuwa, wadda aka kafa a 1976, takenta na zaman lafiya ne da yawon buɗe ido. Taken ya dace, amma babu kuza a cikinsa, alhali kuza ce ta gina Jos da Bukuru.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwe suna narka kuza. Da kamfanonin Ingila suka shigo a farkon ƙarni na 20, sai aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta isa Bukuru a 1914. A ramin kuza ne aka tono kayan tarihin Nok a 1928, abin da ya share fagen buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, harkar, wadda dama ta yi rauni, ta durƙushe.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Filato da ta yi dokar da za ta ayyana kuza a matsayin ma'adinin jiha, a kuma ba ta gurbi sosai cikin alamun hukuma. Sai dai a yi hattara da wanda za a karrama. Girmamawar ta leburori ce, musamman dubban talakawan da aka kwaso daga lardunan Arewa don aikin tilas tsakanin 1942 da 1944, inda sanyi da cuta suka hallaka da yawansu. Haka kuma ta manoman Birom ce, waɗanda gonakinsu suka zama ramuka.

Wasu za su ce zane a takarda ba ya cike rami. Gaskiya ne, domin har yau tsofaffin ramukan da ruwa ya cika suna cin rayukan mutane da dabbobi. Shi ya sa lalle dokar ta zo da kasafin gyaran wuraren nan, da umarnin koyar da tarihin kuza a makarantun jihar. Gwamnatin da ta sa kuza a kan takardunta ta ɗauki alkawari ke nan, kuma jama'a za su sami hujjar tambayarta ranar cikawa.